Rabin Kiɗan da Ya Tafi Gana

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. A ofishin malamai tambaya, a teburin mai shayi na bakin gada tambaya, har limaminmu ya tare ni a ƙofar masallaci yana so ya ji ko gaskiya ne mutanen can da gangan suke barin tuwo ya yi tsami kafin su ci. Malam Garba, abokin tafiyata, ya riga ya baza nasa labarin a duk faɗin Wudil, kuma a cikin nasa shi ne gwarzo a kowace iyaka. To ga nawa a rubuce, don in huta da maimaitawa, kuma don akwai wani sashe da in na zo faɗarsa da baki murya take ƙi mini.

Ni malamin harshe da tarihi ne a wata sakandare a nan Wudil. Wata ƙungiyar malamai ce ta shirya bita a garin Cape Coast a kan dabarun koyarwa, aka ce ni da Malam Garba za mu je. Kafin mu tashi na hau babur na tafi Utai yin sallama da Baba.

Baba ya tsufa. Ido ya yi rauni, ƙafa ta zaunar da shi, yawancin yini yana kan tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida. A zamanin ƙuruciyarsa shi ne mai gangar noma a yankinmu. In an yi gayya shi yake kaɗawa, ƙanensa Baffa Sale yana busa sarewa, samari suna rige-rigen kai kunya. Tun kafin a haife ni Baffa Sale ya bi masu kora shanu daga kara, kasuwar shanun Wudil, zuwa kurmi, daga baya aka ji ya ƙetara Gana, daga nan kuma labari ya yanke.

"Gana ka ce?" in ji Baba.

"Eh, Baba."

"Za ku bi ta Ankara?" Haka yake kiran Akra, irin na mutanen da.

Na ce za mu bi. Sai ya ce, "Ka nemo mini Sale."

"Baba, ƙasa guda ce fa, ba kasuwar Juma'a ba."

"Na sani. In ba ka same shi ba, ka sami kabarinsa. Ba cewa nake ya dawo ba, wa zai dawo yanzu? So nake kawai in sani ko ya manta da mu. Kada in tafi da wannan tambayar a cikina."

Yana maganar yana buga gwiwarsa da yatsu kamar yadda ya saba: ya buga, ya tsaya, ya buga, ya tsaya. Tun muna yara muka haddace wannan bugun, don shi ne taken gidanmu da yake yi wa manoman zuri'armu a gayya. Ni duk zatona tsufa ne ya cinye masa wasu gaɓoɓin kiɗan, shi ya sa yake tsayawa. Da zan tafi ya sa matar yayana ta ƙulle mini daddawa a leda, ya ce Sale ba ya shan miyar da ba ta ji daddawa ba. Na karɓa da hannu biyu, a raina kuwa ina cewa tsohon nan ya ɗora mini abin da ya fi ƙarfina.

Malam Garba ne ya dage mu bi ta mota. Malamin labarin ƙasa ne, ya ce ya gaji da zana wa yara taswirar ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Ni kuma dama ba na marmarin jirgi, sai na nuna kamar na bi ra'ayinsa ne don zumunci. Muka hau doguwar bas daga Kano zuwa Legas. Lafiya lau muke tafe har rana ta yi zafi, daddawar Baba ta fara gabatar da kanta. Wajen Lakwaja wata mata ta miƙe ta rantse wani abu ya mutu a cikin motar. Aka shiga leƙa ƙarƙashin kujeru. Ni dai na kafe ido a taga kamar ban taɓa jin sunan daddawa ba. Sai mutumin kirki Malam Garba ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku kwantar da hankalinku, tsarabar malam ce." Daga nan jakata ta koma can ƙasa wurin kaya, ni kuma na rasa abokin hira har Legas.

Na rama a iyakar Seme. Tun daga Kano yake yi mini burgar yana jin Faransanci. Da muka zo gaban jami'in ɓangaren Benin, mutumin ya jero tambayoyi, Malam Garba yana ta gyaɗa kai yana cewa "wi, wi". Ashe a ciki har da tambayar ko kayan sayarwa muka ɗauko. Aka zazzage jakunkunanmu a kan tebur, har da gajeren wandon Malam Garba, jama'a na wucewa suna kallo. Da jami'in ya kai ga ledar nan ya kwance, ya shinshina, sai ya lumshe ido ya ce da Hausa tsantsa, "Kai! Wannan ta gida ce." Ashe ɗan arewacin ƙasar ne, mahaifiyarsa Bahausa. Ya ƙulle mini ledar da kansa, ya yi mana fatan sauka lafiya. Tun daga ranar Malam Garba bai ƙara ambaton Faransanci ba.

A Kwatano na ga mata suna tuƙa babur da goyo a baya, ba mai ko waiwayarsu. A Lome hanya ta bi gefen teku, kuma a nan ne na fara ganinsa. Ni da na tashi ina taƙama da kogin Wudil, ina yi wa mutanen Indabo gorin ba su da ruwa, sai na kama bakina. Iyakar Gana a ƙafa muka ƙetare ta, kowa da jakarsa a ka. Abin da ya fara ba ni mamaki a ƙasar shi ne mutuwa. Hotunan mamata manya-manya a bakin titi kamar na 'yan takara, ana ajiye gawa makonni, ranar binnewa kuma a sa baƙi da ja, a kafa rumfa, a yi kiɗa. Mu da in mutum ya cika da hantsi kafin la'asar ya kwanta a makwancinsa, abin ya yi mana banbaraƙwai. Amma da na ga yadda dangi suke tahowa daga ko'ina, sai Baffa Sale ya faɗo mini a rai, na ce ko wa ya tsaya a kansa in ta Allah ta kasance.

A Cape Coast an sauke mu a ɗakin kwanan ɗalibai na wata makaranta a kan tudu, gado mai hawa biyu. Malam Garba ya ce yana da ciwon gwiwa, ciwon da ban taɓa jin labarinsa ba sai ranar, don haka ni na riƙa hawa sama da girmana. Alƙibla ma sai da muka yi gardama, wayarsa ta nuna nan, tawa ta nuna can, har mai gadi ya zo ya raba mu. Abinci kuwa, amsar liman ita ce eh, gaskiya ne. Dokunu suke ce masa, tuwon masara ne mai tsami a naɗe cikin ganye, a ci da soyayyen kifi da wani baƙin yaji. Loma ta farko na ɗauka ya kwana ne ya lalace, har na yunƙura zan mayar, sai na ga kowa yana ci yana lumshe ido. Kifin dai ba laifi, ko da yake bai kama ƙafar na bakin gadarmu ba. Wadda ta cece ni wata Bahausar zango ce mai koko da ƙosai a ƙofar makarantar. In na karɓi kofin kokon nan mai citta da safe, sai in ji kamar in na waiwaya zan ga gida.

Kafin a fara bita aka kai mu wani tsohon ginin Turawa a bakin teku, inda ake tsare bayi kafin a loda su a jirgin ruwa. Na daɗe ina koyar da cinikin bayi a allo, ina ba da jarrabawa a kansa. Amma da na tsaya a ɗakin nan mai duhu, na ga 'yar ƙofar da ake fitar da su ta cikinta zuwa ruwa, jikina ya mutu.

Washegari aka raba mu ajujuwa mu ga yadda malaman can suke koyarwa. Na faɗa ajin wata dattijuwa mai furfura, Madam Loreta, baƙar fatar Amurka da ta yi ritaya ta dawo Gana da zama. Turanci da tarihi take haɗawa a darasi guda. Ta shigo ba ta ko kalli allo ba. Ta ajiye 'yar na'ura a tebur, ta ce wa yaran su rufe littattafansu, yau kunne ne zai yi aiki. Sai ta kunna wani tsohon faifai, yana ƙara kamar ana suyar ƙosai, can sai ƙaho ya tashi, irin na 'yan badujala, fiyano da ganguna suna biye da shi. Ta ce sunan kiɗan jaz, kuma wannan na tun zamanin kakanninta ne.

Gaskiya da farko ban ji komai ba sai hayaniya. Na ga kamar kowa a cikin makaɗan harkar gabansa yake yi. Yaran ma suna ta ƙunshe dariya. Madam ba ta damu ba, ta bari ya ƙare, sannan ta ce, "Wa ya fara magana a cikinsu? Wa ya ba shi amsa?" Ta sake kunnawa. A karo na biyu sai na fara ji: ƙaho ya faɗi tasa ya ja baya, wani mai siririyar murya ya amsa, ganga ta sa baki, ƙahon ya dawo kamar yana cewa ba haka nake nufi ba. Ashe hira suke yi.

Daga nan ta shiga tarihi. Ta nuna taga, wajen ginin da muka je jiya, ta ce ta irin wannan ƙofar aka fita da kakanninta. A can an raba su da harshensu, a wurare da yawa an hana su ganga. Abin da ya rage musu shi ne waƙar aiki a gonar auduga, ɗaya ya ba da baiti, saura su amsa. Jikokinsu ne a birnin New Orleans suka ɗauki ƙahonnin soja suka koya musu wannan bayarwa da amsawa. Ni kuwa ina zaune a bayan aji ina cewa a raina, baiwar Allah, ai gayya kike ba da labari.

Ta gayyato wani tsohon mabushi, Mista Kwesi, wanda ya zauna a gefe da ƙahonsa a cinya. Ta tafa hannu ta tsaya, ya cike wurin da busa. Ta sake tafawa ta tsaya, ya sake cikewa. Sannan ta juyo ta ce wa yaran, "In kun ji makaɗi ya yi shiru a tsakiyar kiɗa, kada ku ce ya manta. Wuri ya bar wa ɗan'uwansa."

Shekara da shekaru ina kallon Baba yana buga gwiwa yana tsayawa, ina tausayinsa wai tsufa. Ashe sarewa yake jira.

Da ta nemi baƙin malamai su kawo wani kiɗa daga gida, ban san lokacin da na ɗaga hannu ba. Na buga taken gidanmu a kan benci yadda Baba yake yi, da tsayawar da komai. Mista Kwesi ya saurara, ya ɗaga ƙahonsa, ya riƙa shiga duk inda na tsaya. Ya yi daɗi ƙwarai, yaran suka tafa. Madam ta sa su rubuta abin da suke jin gangar tana tambaya. Wani ya ce abinci take nema, aka yi dariya. Wata yarinya ta ce ita dai ta ji kamar ana kiran wanda ya yi nisa. Na gode wa Mista Kwesi, amma na san amsarsa ta baƙo ce mai kirki. Ainihin amsar tana wurin mutum guda. Tun da na dawo na gwada wannan darasin da ɗalibaina, suka fara da dariya su ma, suna cewa malam ya kawo kiɗan coci, har sai da na tambaye su wa ya taɓa jin kakarsa tana waƙar daɓe ana amsa mata. Daga nan aji ya kama.

Da aka gama bita muka sauka Akra. Malam Garba ya tafi sayen atamfa, ni na shiga zango. Wanda bai je ba ba zai yarda ba: unguwanni ne cike da Hausawa, waɗansu kakannin kakanninsu ne suka zo fataucin goro, ba su taɓa ganin Kano ba, amma in ka ce daga can kake sai a ba ka kujera. Na bi masallatai ina tambayar Sale mai sarewa, ba wanda ya san shi. Na yi unguwar Nima, na koma Sabon Zango, ƙafata ta kumbura. Har na fara shirya abin da zan gaya wa Baba. Bayan azahar wani tsoho mai goro ya ce, "Daga wane gari ka ce yake?" Na ce Wudil. Ya ce, "Af! To ka ce Baba Wudil mana, mai gyaran keke. Nan ba a san mutum da sana'ar da ya baro ba, da garinsu ake saninsa. Allah ya jiƙansa, ya kwana biyu da rasuwa. Amma 'yarsa Adiza tana nan bayan masallaci tana sayar da abinci."

Na same ta tana zuba wa mutane shinkafa da wake. Ban buƙaci shaida ba, goshin Baba ne da hancinsa a fuskar mace. Na yi sallama, na ce ni ɗan Audu ne, yayan mahaifinta, daga Utai. Ta saki ludayin a cikin tukunya. Ta ce, "Audu mai ganga?" Sai ta rufe fuska da gyale.

Ta kai ni kabarinsa, na yi masa addu'a. Ta ce jama'ar zango ne suka yi masa sutura, masallaci ya cika. Da muka koma na miƙa mata daddawar da ta sha zagi tun daga Lakwaja. Ta yi dariya da hawaye, ta ce su ma suna da ita a kasuwa, amma babanta kullum cewa yake ta nan ba ta da rai. Na tambaye ta me ya hana shi komawa. Ta ce, "Kowace shekara sai ya ce bayan Sallah. Ba ya so ya je hannu sake. Har ƙarfi ya ƙare."

"Yana busa sarewa?"

"Tun ina ƙarama ta fashe. Ya ce karan nan ƙasar bai dace ba, bai sake yin wata ba. Sai dai fito. In yana gyaran keke akwai wata waƙa da yake yi da fito, kullum ita ce. Amma a gutsure take. Ya yi kaɗan ya tsaya, ya yi kaɗan ya tsaya. Mukan tsokane shi mu ce Baba ya manta rabin waƙarsa."

Na ce, "Ƙanwata, za ki iya yi mini ita?"

Ta ce mace ba ta fito, amma za ta yi da hanci. Na kunna wayata na ɗauka. Ta rera ta tsaya, ta rera ta tsaya, yadda ta ji shi yana yi. Yatsuna suka yi ta ƙaiƙayi, benci yana gabana, amma na kasa bugawa. Tsoro ne ya kama ni: in na buga bai dace ba fa? In wata waƙa ce daban da ya tsinta a hanya? Na ce a raina, mai gangar yana nan da ransa, shi zai raba wannan gardama.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, don ban ga komai ba. Malam Garba ya yi ta nuna mini abubuwa ta taga, ni hannuna yana kan aljihun da wayar take. Da muka hau gadar Wudil na ga masunta a kwalekwalensu, ban ko tsaya gida na ajiye jaka ba, na tari babur zuwa Utai.

Na tarar da Baba a gindin darbejiya bayan la'asar. Muka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen can, duk yana kewaye abin da yake so ya ji. Na gaya masa Baffa Sale ya riga mu gidan gaskiya, na je kabarinsa, ya bar 'ya mai kama da shi Baban. Ya yi salati, ya yi masa addu'a, ya daɗe kansa a sunkuye. Sannan a hankali ya ce, "Ya taɓa ambatonmu?"

Na ce, "Baba, saurari wannan."

Na kunna na ajiye wayar a kan tabarma. Muryar Adiza ta fito, ta rera, ta tsaya. Baba bai motsa ba har ta ƙare. Ya ce, "Sake."

Na sake. Wannan karon hannunsa ya tafi gwiwa. Tana tsayawa ya buga, yana ɗauke yatsu ta shigo. Ta tsaya, ya buga, ta shigo. Duk inda ta bar wuri bugunsa ya zauna a ciki, duk inda ya tsaya muryarta ta cike. Ranar na fara jin taken gidanmu cikakke, ina da furfura a gemu. Matan gida suka fito suka tsaya a zaure. Hawaye yana bin gemun Baba yana ɗiga a rigarsa, hannun bai daina ba.

Can wajen ƙarshe muryar ta ɗan riga shi shigowa, ta hau kan bugunsa na ƙarshe. Na ɗauka Adiza ce ta yi kuskure. Sai na ga Baba ya yi dariya, ya share fuska da hannun riga, ya girgiza kai.

"Ka ji shi ko?" in ji shi. "Nan wurin kullum sai ya yi gaggawa. Sau nawa ina ce masa, Sale, ka jira in gama." Ya gyara zama, ya mayar da hannu kan gwiwa. "Sake kunna mana."